In za ku kai ɗiyanku duba jami'a, ku ci abincin rana inda ɗalibai ke ci



Duk shekara in sakamakon bak ya fito, gidaje da dama ana guɗa, ana raba goro da dabino. Bayan kwana biyu murna ta lafa, sai tambaya ta taso: to yanzu ina yaron nan za shi? A da amsar guda ce, Yamai. Jami'ar Abdou Moumouni, wadda aka kafa harsashinta a 1971, ita kaɗai ce ta gwamnati shekara da shekaru. Daga 2010 aka samu na Maraɗi, Damagaram da Tawa, waɗanda yau muke kira Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou da Djibo Hamani. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ko da yake ba kullum yaro ke samun wurin da ya nema ba, yanzu akwai abin dubawa kafin a cika takarda. Shi ya sa wasu iyaye suka fara ɗaukar ɗiyansu su je su gane wa idonsu. Gani ya kori ji.

Mu ma mun yi wannan tafiya, kuma abin da muka dawo da shi muke so mu faɗa muku. A duk zagayen, sa'ar da ta fi amfani ita ce ta abincin rana, amma da sharaɗi: a ci shi inda ɗalibai ke ci, a lokacin da suke ci, da irin kuɗin da suke kashewa. Uban da ya duba amfi da laburare sannan ya kwashi yara zuwa gidan abinci mai sanyi a tsakiyar gari, ya ga rabin jami'a ne ya koma gida.

Mun san haka ne don mu muka fara yin kuskuren.

Mu uku ne, iyaye daga Tasawa, muka haɗa kuɗin mota. Da yara huɗu, maza biyu mata biyu, duka ƴan shekara 18 zuwa 19. Maraɗi muka fara don ɗaya daga cikin yaran noma yake so ya karanta. Tun ƙarfe tara muke yawo, daga wannan ofis zuwa wancan. Kafin azahar yaran sun daina tambaya, sun daina dariya, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Duk wanda ya taɓa tafiya da matasa ya san wannan shirun, yunwa ce. Sai ɗayanmu ya ce, ai yaran nan sun ci bak, bari a yi musu gata. Muka tare kabu-kabu zuwa cikin gari, muka shiga wani gidan abinci mai gilashi da sanyi. Kaza, soyayyen dankali, lemun kwalba. Aka kawo takarda, jika 21. Muka biya muna murmushin dole.

Da dare uwar ɗaya daga cikin ƴan matan ta kira. Ba ta tambayi girman amfi ba. Cewa ta yi: "Malam, in an ba ta can, me za ta riƙa ci? Nawa ne kwano? Da nisa?" Mijinta ya dube mu, muka dube shi. Mun yini a garin, mun kashe jika 21 a kan abinci, amma ba wanda ya san amsa ko ɗaya.

A Damagaram kuma gidan dangi muka sauka. Aka yi tuwon gero da miyar kuka, aka yanka zabi, aka cika wa yara leda da alkaki. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai abincin baƙo daban, abincin wanda zai zauna shekara uku daban. Baƙo raɓa ne. Ɗalibin lisans kuwa ba raɓa ba ne, zama zai yi, kuma gwaggon da ta yanka zabo yau ba za ta yanka shi kullum ba.

Sai a Yamai muka gyara. Mun tsallaka gadar Kennedy zuwa Harobanda, inda jami'ar take, muka gama zagaye wajen sha biyu da rabi. Wannan karon muka tare wani ɗalibi mai jaka a baya, muka ce: "Samari, don Allah kai ina kake cin abincin rana?" Ya yi dariya ya ce: "Baba, ya danganta da kwanan wata. In farkon wata ne ku biyo ni, in ƙarshen wata ne sai dai mu je ɗaki a jiƙa gari." Muka bi shi zuwa wata rumfar kwano, benci biyu, wata Hajiya da manyan tukwane uku: shinkafa da wake, dambu da zogale, taliya. Muka zauna cikin ɗalibai, gwiwa na gugar gwiwa.

Abin da muka ji cikin minti arba'in a kan wannan benci, ba mu ji shi a ofis ko ɗaya ba. Mun ji yadda ake sayen tikitin resto, wato ɗakin cin abincin ɗalibai da hukumar CROU ke kula da shi, da yadda yake da rahusa ƙwarai a kan abincin waje. Mun ji cewa wanda darasinsa ya kai ƙarfe ɗaya dole ya yi lissafin layi da lokacin komawa aji. Mun ji yadda ƴan gari ɗaya ke haɗa kuɗi su sayi gas da buhun shinkafa, su riƙa girki bi da bi. Mun ga littafin bashin da Hajiya ke ajiyewa ƙarƙashin tire. Ɗiyarmu ta tambaye ta: "Inna, in kuɗin mutum bai iso ba, kina ba shi?" Ta ce: "Ɗiyata, wanda na san fuskarsa ba ya tashi da yunwa a nan. Amma wanda ya ci ya canza hanya, shi ma na san fuskarsa." Yaran da suka yi shiru a Maraɗi, a nan bakinsu bai rufu ba. Ba mu suke wa tambaya ba, sa'o'insu suke tambaya, waɗanda suka girme su da shekara ɗaya ko biyu.

To me ya sa muke ɗaukar wannan magana da nauyi haka?

Na farko, kuɗi. Mu iyaye mun iya lissafin kuɗin rajista, kuɗin mota, katifa da akwati. Abin da ke cinye aljihu a hankali shi ne ciki. Mu ɗauki misali kawai, ba farashin wani wuri muke faɗa ba. A ce karin kumallo wajen mai shayi dala 40, kwanon rana dala 60, na dare dala 60. Dala 160 ke nan, wato sefa 800 a yini. A wata jika 24. A wata tara jika 216, ba ruwan sha, ba sabulu, ba kuɗin kwafin darasi. Ƙara dala 20 kacal a kan kowane kwano na rana da na dare, sai wata ya tashi jika 30. Bambancin da ido ba ya gani a kwano ɗaya, shi ne zai sa manomi ya sayar da akuya a watan Maris. Wannan lissafi ba a yin sa daga gida da ƙiyasi, sai an zauna an biya. Kuma kowa ya san ba kowane ɗalibi ke samun burs ba, wanda ya samu ma takan yi jinkiri. A waɗannan makonni, abin da uba zai aika ta Nita ko Amana shi ne ke riƙe yaro.

Na biyu, karatun kansa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya shiga aji ƙarfe takwas da ruwan shayi kawai, ya fito ƙarfe ɗaya cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, in abinci na nesa da shi tafiyar rabin sa'a, ɗayan biyu zai yi: ya haƙura da abincin, ko ya haƙura da darasin yamma. In ya faɗi jarrabawa sai mu ce wasa ya yi, ko waya ta ɗauke masa hankali. Wani lokacin gaskiya ne. Wani lokacin kuma yunwa ce da kunya ta hana shi faɗa. Ɗiyanmu da yawa sun gwammace su kwana da ruwan gari da su kira gida su ce Baba ba ni da ko dala, don sun san halin da aka baro gida a ciki.

Na uku, ɗiya mata. Wannan sai mu faɗe ta ba kwana-kwana. Yarinyar da ba ta da tabbacin abincin gobe, ita ce masu mota ke yi wa fakon bakin ƙofa. Muna yi musu wa'azi kafin su tafi, kuma ya kamata. Amma wa'azin zai fi kama ƙasa in uwa ta san inda ɗiyarta za ta ci da dare, ko hanyar tana da haske, ko sai ta hau moto, ko akwai ƴan uwanta mata da suke girki tare. Wannan ba a ganin sa cikin takardar jami'a.

Kuma kada mu ɗauka zancen cikin ɗalibi ƙaramin zance ne a ƙasar nan. Ran 9 ga Fabrairun 1990, a kan waccan gadar Kennedy da muka tsallaka, ɗalibai uku suka rasa rayukansu a zanga-zangar adawa da matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi karatu da burs. Har yau ana tunawa da ranar duk shekara. Daga lokacin zuwa yanzu, in ka saurari koken ɗalibai, da wuya ka rasa burs, makwanci, mota da resto a ciki. Abin da ɗalibai suka daɗe suna fita titi a kansa, bai kamata uba ya wuce shi a cikin taksi ba.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma suna da hujja.

Wani zai ce ilimi aka je nema, ba ci ba, mu a zamaninmu da garin rogo da ƙuli-ƙuli muka yi karatu kuma ga mu. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a zaɓi jami'a don daɗin miya ba. Wanda ke son shari'a ko tattalin arziki zai duba Tawa, mai son noma zai duba Maraɗi ko Yamai, fanni shi ne gaba. Amma masu cewa "ga mu" su ne waɗanda suka kai. Waɗanda suka ajiye karatu a shekara ta biyu suka kama hanyar Agadas ko Legas ba a jin muryarsu a wannan hira. Sanin wahala kafin a shige ta ba ragwanci ba ne. Yaron da ya ga benci da littafin bashi da idonsa, zai tafi da shiri.

Wani zai ce tsabta fa? Mu kai yara rumfar bakin hanya a damina su kwaso ciwo? Wannan tsoro yana da tushe. Ba mu manta da kwalarar 2018 da ta fara daga Madarumfa ba, da ta 2021 da ta taɓa Maraɗi, Damagaram da Tawa. Amma ku duba: nan da wata biyu ko uku yaron zai ci a wannan rumfa, da ku ko ba ku. Gara cinsa na farko ya kasance kuna zaune kusa da shi, kuna nuna masa abin da ake dubawa. Abinci na tururi ne ko ya huce tun safe? Tukunya a rufe take? Ruwan wanke kwano sau nawa ake canza shi, kuma daga ina ake ɗebo shi? A gari irin Damagaram, inda ƙarancin ruwa tsohon zance ne, wannan tambaya ta ƙarshe ba ta wasa ba ce. Akwai buta da sabulu? Ganye ɗanye da yankakken kankana da ƙuda ya sauka a kai, a bar su. Uwa ta fi kowane likita iya koyar da wannan, kuma minti biyar ya ishe ta.

Wani kuma zai ce, ya za mu shiga gari mu ƙi cin abincin dangi? Ba mu ce a ƙi ba, zumunci ya fi ƙarfin haka. A bar wa dangi abincin dare. In ma shirin shi ne yaron ya zauna gidansu, to sai a auna da gaske: daga gidan zuwa aji minti nawa, kabu-kabu nawa zuwa da dawowa, zai iya komawa cin rana ko kuwa a can zai yini? Sau da yawa yaron da "yana gidan kawunsa" sau ɗaya yake ci a gidan. Kuma a yi maganar buhun hatsi da kuɗin cefane tun ran farko, kada kunya ta bari sai zama ya yi tsami.

Ga waɗanda suka yi niyyar tafiya, ga abin da muka koya, mun biya kuɗin koyonsa.

Ku je ranar aiki, lokacin da ake darasi. Jami'a ranar Lahadi ko cikin hutu gini ce kawai, masu abinci ma ba sa fitowa. Ku tsara zagayen yadda sha biyu da rabi za ta same ku a bakin fakiltar da yaron ke so, ba a tashar mota ba.

Ku tambayi ɗalibi, kada ku tambayi mai taksi. Mai taksi in ya ga babbar riga, inda manya ke ci zai kai ku. Ku tambayi mutum biyu ko uku, mace da namiji, don ba wuri ɗaya suke zuwa ba. Ku tambaya ko baƙo na iya leƙa resto. In an yarda ku shiga, in ba a yarda ba ku tsaya ku ga layin, ku ga abin da ke cikin tire.

Ku taka da ƙafa, ku duba agogo. Nisan da mota ke cinyewa cikin minti uku, ƙafa ce za ta biya shi kullum cikin rana.

Ku ba yaron kuɗin a hannunsa, dala ɗari, ku ce ya ciyar da kansa ya kawo canji. Ku zauna ku yi kallo. A nan za ku gane ko ya iya tambayar farashi, ko zai kashe rabi a kan lemu mai sanyi. A Yamai kuma zai gane cewa gaisuwa da ƙirga kuɗi da Zabarmanci za su yi masa amfani, ko da yake Hausa na kai mutum ko'ina a kasuwa.

Ku yi tambayar da ba a so: ƙarshen wata me ake ci? Ranar da resto ba ya aiki fa? Da azumi, wanda a shekarun nan ke faɗowa tsakiyar shekarar karatu, ina ake samun sahur?

Sannan kada ku bari yunwa ta riga ku. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, ta Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Ku riƙe guzuri, kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, cukun Tawa in an samu, da ruwa mai yawa. Matashin da ya yini da yunwa ba ya ganin kyan kowace jami'a, kuma uban da ya ga ɗansa ya galabaita, gidan abinci mafi kusa zai faɗa ko nawa ne. Haka aka ci mu jika 21.

Mun san ba kowa ke da halin wannan tafiya ba. Mafi yawan iyaye a ƙauyukanmu kuɗin mota ɗaya za su iya haɗawa, na ranar tafiyar yaron. To ko daga gida ana iya rabin aikin. Da wuya a rasa ɗan garinku ko na garin maƙwabta da ke karatu a can. A nemi lambarsa, a kira shi ƙarfe ɗaya na rana, a ce ya ɗauki hoton abin da ke gabansa ya turo ta WhatsApp, ya faɗi nawa ya biya. Uwa ta yi magana da ɗaliba mace. Kiran dala ashirin zai iya hana asarar shekara.

Muna da roƙo kuma ga shugabannin jami'o'inmu da na CROU. A ware rana guda bayan fitowar bak, a buɗe ƙofa ga sababbin ɗalibai da iyayensu, a sayar musu da tikitin resto su ci abin da ake ci. A liƙa farashi da lokutan abinci inda kowa zai gani. Matan da ke dafa abinci a bakin ƙofa kuma, su ne ke ɗauke da ɗaliban da resto bai ɗauka ba. A ba su famfo, inuwa da wurin zuba shara, a riƙa duba tsabtarsu, ya fi a bar su cikin ƙura ana yi kamar ba a gan su ba.

Daga cikin yaranmu huɗu, wadda uwarta ta kira da dare ita ce aka ba Yamai. Ranar da za ta tafi, ban da akwati da katifa, an ɗora mata ƙaramar tukunyar gas, rabin buhun shinkafa, busasshen zogale, yaji da galan na man gyaɗa. Tun kafin ta hau mota ta san ƴan mata biyu da za su yi girki tare, a kan wancan benci suka karɓi lambar juna. Uwarta ta yi kuka kamar kowace uwa, amma ba ta sake tambayar me za ta ci ba.

Ku da kuka yi karatu a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, da ku da ɗiyanku ke can yanzu, ku faɗa wa iyaye na bana gaskiya: nawa ne kwano a wajenku, kuma me ake ci ran 25 ga wata?

Allah ya yi wa ɗiyanmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani, ya hore wa iyaye abin ɗawainiya. Amin.